BAƘIN KADA YA DAWO ZAURE

Shafi na 9

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Wayar ce ta faɗa kwata, sai jiya ta farfaɗo. Wanda ba ya son ganin jini ya tsallake wannan shafin.

*

Ranar Asabar ce, ta biyu a watan Yuni. Ruwan da aka kwana ana tafkawa a Kwatano bai tsagaita ba sai da gari ya waye, shi ma yayyafi ya bari a baya. Unguwar Fifadji duk ta koma tafki, ledoji da bawon lemo sai yawo suke a kai.

Agossou ya ratso ruwan a kan sabon babur, ko ledar kujera bai cire ba. Kwanansa uku da dawowa daga Gabon, inda ya yi wata goma sha huɗu a jirgin kamun kifi. Bai gaya wa kowa ya dawo ba. Ko Dansou, amininsa tun suna yawo ba wando a ƙauye, bai sani ba. So yake ya ba shi mamaki.

Abu ɗaya ya rage masa kafin ya koma ɗaukar fasinja: ya koma Zauren Rawaya.

A zauren nan na waya 'yan zem, wato 'yan acaba masu rawayar riga, suke sanar da juna in an sace babur, nan ake samun aiki mai tsoka. Kowa da sunan ɓoye yake shiga, don wanda ya tona ɓarawo da sunan yanka ba ya daɗewa. Kafin Agossou ya tafi ya goge sunansa daga zauren. Tsohuwar wayar kuma ya ba Dansou ya kai wa uwarsa ƙauye, don ya riƙa jin muryarta. Bayan sati guda Dansou ya aiko masa cewa layin ya lalace, ya saya wa Maman, uwar Agossou ɗin, wani sabo.

Wanda ya goge sunansa kuma ba shi da tsohon layinsa, hanya ɗaya ce gare shi. Ya zo tasha ranar Asabar, ya hau benci, ya faɗi tsohon sunan da bakinsa kowa ya ji, sannan a ba shi sabo.

Yana faka babur a gindin mangwaro, Tanti Fifamè mai sayar da shinkafa da wake ta saki ludayi.

"Wa nake gani haka? Mai fitowa duniya da ƙafa!" Abin da sunan Agossou yake nufi ke nan a yarensu.

"Ni ne, Tanti. Har yanzu yajinki yana sa manya kuka?"

"Rufe mini baki, ɗan banza. Dubi yadda ka yi baƙi. Kifin kake kamawa ko shi yake kama ka?"

'Yan zem sun fi hamsin a ƙarƙashin rumfa suna fakewa, aka yi caa a kansa. Wannan ya ja masa kunne, wancan ya shafa tankin babur yana fito.

"Ashe a Gabon kuɗi a ruwa yake yawo!"

"Ina tsarabarmu, ko warin kifin ne tsarabar?"

Can ya hango Dansou a ƙarshen benci, da kwano a cinya, loma a hannu. Lomar ba ta kai baki ba.

"Dansou! Ka ga fatalwa ne?"

Dansou ya ajiye kwanon ya taso. Ya rungume shi, amma jikinsa a sandare yake. Ya kai baki saitin kunnensa.

"Yaushe ka zo? Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Da na kira ka, da ban ga wannan fuskar taka ba."

"Zo mu je gida tukuna. Akwai magana."

"Bari in hau benci, minti biyar ne."

"Ba yau ba, Agossou."

"Sai yaushe? In jira wata Asabar ina kallon babur yana tsatsa?"

Dansou ya damƙe masa hannu har sai da ya ji zafi. Kafin ya sake magana, Fofo Tossa ya buga sanda a jikin tebur. Shi ne mai kula da zaure, tsohon ɗan zem da mota ta taɓa taka wa ƙafa, kullum da tabarau ɗaure da zare.

"Akwai mai dawowa yau?"

"Akwai, Fofo!"

Agossou ya fizge hannunsa ya ɗare benci. Zuciyarsa fal murna. Babur goma sha ɗaya aka ƙwato daga hannun ɓarayi ta dalilin sunansa, taurari biyar gare shi a zaure, amma ba wanda ya san shi ne sai Dansou. Wata goma sha huɗu yana cikin teku yana hango wannan ranar, yana jin tafin da za a yi masa.

"Wa ya san fuskar nan?" in ji Fofo Tossa.

Hannuwa suka tashi sama.

"Wa zai ce ɗan zem ne na gaskiya?"

"Mu!"

"To, ɗana, faɗi sunan da ka goge."

Agossou ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannuwa yana murmushi.

"Ni ne Baƙin Kada."

Ba wanda ya tafa.

Sai ƙarar yayyafi a kan kwanon rumfa. Tanti Fifamè ta ɗora hannu biyu a ka.

"Me ka ce?" in ji Fofo Tossa a hankali.

"Baƙin Kada, Fofo. Ko kun manta da..."

Wani dogo ya miƙe daga bayan taro. Zinsou ne, ɗan tagwaye. A aljihun rigarsa akwai ɗan mutum-mutumin itace, an ɗinka masa 'yar rawayar riga daidai jikinsa. Agossou ya kalli itacen. Ba a ɗaukar wannan sai in ɗan uwan tagwaicinka ya riga ka.

"Zinsou, ina Sagbo?"

"Ya tafi daji neman itace," in ji Zinsou. Haka ake faɗa, ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. "Kai ka aike shi."

Ya sa ƙafa ya doki bencin.

Agossou ya faɗo da baya cikin ruwa. Kafin ya ɗago, takalmi ya same shi a haƙarƙari. Wani ya sauke masa sarƙar babur a gadon baya, rigar ta tsage, fatar ta bi ta.

"Ɓarawo!"

"Makashi!"

"Har da murmushi yake faɗa, ɗan iska!"

"Ku tsaya! Me na yi? Ku gaya mini abin da na yi!"

Zinsou ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi.

"Ba ka sani ba? Bari in tuna maka. Ka rubuta wa Sagbo akwai fasinja a hanyar Togba, zai biya ninki uku. Na ce masa wurin ba mutane. Ya ce Baƙin Kada ne ya turo, mai taurari biyar, wa zai yi shakkar Baƙin Kada? Sara bakwai na ƙirga a jikinsa. Ni na wanke shi."

Ya kifa masa kai a goshi. Wuta ta gilma a idon Agossou.

"Ni ma babur ɗina!" in ji wani mai tabon adda a kafaɗa, ya kawo masa naushi a ciki.

"Ina Gabon! Na rantse da Mawu mahalicci ina Gabon! Takarduna suna gida!"

"A Gabon ba a rubutu a waya? Kai ka tura, yaranka su sara!"

"Na goge sunan! Kafin in tafi na goge shi!"

Fofo Tossa ya kutso da sandarsa yana ɗingishi.

"Ku ba shi iska ya amsa mini. Ku matsa, na ce!"

Suka ɗan ja baya, suna huci. Agossou yana durƙushe, ruwan da ke gabansa ya fara ja.

"Ka goge, gaskiya ne," in ji Fofo Tossa. "Na gani da idona. Maganganunka suka zauna ba suna a kansu, kamar na kowa. Amma a watan Janairu sunan ya tashi. Ba sabo aka buɗe ba, tsohon ne ya tashi, da maganganunsa, da taurarinsa. Ka san yadda ake tayar da suna?"

"Da lambar sirri, Fofo."

"Ina ake tura lambar?"

"Layin mai..."

Maganar ta maƙale masa. Layin. Layin da aka ce ya lalace. Ya juya yana neman fuska ɗaya a cikin taron.

"Dansou! Dansou, gaya musu. Layin nan ai kai na..."

Bai ga tahowar hular kwanon ba.

Dansou ya riƙe ta da hannu biyu ya maka masa a baki da iyakar ƙarfinsa. Wani abu ya yi ƙas a muƙamuƙinsa. Ya faɗi da gefe, haƙora suka zubo masa a kan harshe kamar tsakuwa.

"Kar ka ƙara kiran sunana!" Dansou yana ihu, jijiyoyin wuyansa sun tashi. "Na ci da kai a kwano ɗaya, ashe kai ne! Sagbo abokina ne!"

Ya ƙara masa. Ya sake ƙarawa, duk a baki.

Agossou ya so ya yi magana. Muƙamuƙin ya ƙi motsi, sai gurnani da kumfar jini. Zafin dukan bai kai zafin abin da ya gane ba. Ya tuna ranar da ya miƙa wa Dansou wayar a tashar mota, Dansou ya sa ta a aljihu ya ce, "Uwarka uwata ce, tafi hankali kwance."

"Taya!" in ji Dansou. "A kawo taya!"

Wani ya gangaro da tsohuwar taya daga wurin mai faci. Suka zura masa a wuya har ta danne masa kafaɗu. Dansou da kansa ya ruga bakin titi, ya suro kwalbar fetur daga teburin mai sayarwa.

Ya tuttula wa Agossou a ka. Fetur ya shiga idonsa, ya shiga raunin bayansa. Sauran ya watsa wa sabon babur.

"Shi ma na sata ne! Ashana!"

Aka miƙo ashana. Tsinke na farko ya karye. Na biyu kansa ya murmushe. Kwalin duk ya sha ruwa.

"Wa ke da busasshiya?"

"Tawa ma ta jiƙe."

"Kai, wane irin ruwa ne wannan!"

Dansou ya yi jifa da kwalin, ya nufi murhun Tanti Fifamè. Ta tare shi da ludayi.

"Ba da wutata ba! Wutar da nake dafa muku abinci? Ba da ita ba, Dansou!"

Ya ture ta, ta faɗa kan tukunya, shinkafa ta kife a laka. Ya zaro itace mai ci da wuta ya juyo, yana kare shi da hannu kar yayyafi ya kashe.

Mutane suka buɗa masa hanya.

Zinsou ne kaɗai bai matsa ba.

"Dakata."

"Matsa, Zinsou. Don Sagbo nake yi."

"Sagbo bai aike ka ba. Wannan rubutu ya yi. Ni wanda ya riƙe addar nake so. In ka ƙona shi, wa zai gaya mini?"

Ya tsuguna a gaban Agossou, ya zaro ɗan mutum-mutumin daga aljihu, ya share masa ruwa da babban yatsa, ya kai shi daf da fuskarsa.

"Ga shi nan. Kalle shi. Wata biyar ina ba shi abinci ba ya jin daɗinsa. Gaya masa su waye yaranka, in sa a yi maka da sauri."

Agossou ya buɗe baki. Jini ya zubo, da guntun haƙori.

"Yi magana!"

Gurnani kawai.

Zinsou ya kama haɓarsa ya juya, ya ga yadda ƙashin ya goce.

"Wa ya yi masa wannan?"

Ya ɗago ya dubi taron.

"Na ce wa ya fasa masa baki? Mu duk jiki muke duka. Wa ya zaɓi baki?"

Agossou ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi. Ya zaro hannun dama daga ƙarƙashin tayar. Ya miƙe yatsa.

Idanu suka bi yatsan har kan Dansou.

Dansou ya yi dariya, amma dariyar ba ta fita daidai ba.

"Kun gani? Ya ga mutuwa, yana neman abokin tafiya. Ni na fi kusa, shi ya sa. Da kai ne a nan, kai zai nuna."

"Gaskiya ne!" in ji wani daga baya. "Ɓata mana lokaci yake!"

"A cinna masa!"

Fofo Tossa ya tayar da bencin da aka kayar, ya hau da ƙyar. Ya buga sanda sau uku.

"Shekara tara ina riƙe da zauren nan. Kun taɓa ganin wanda ya kashe mutum ya zo da ƙafarsa, ya hau benci, ya faɗi sunansa yana washe baki?"

"Raini ne, Fofo!"

"Kai ma da laifinka! Me ya sa ba ka rufe sunan ba har yau?"

"Na bar shi a buɗe ko mai shi zai sake leƙowa in gane inda yake. Layin a kashe yake, na kira ya fi sau ɗari. Amma ku saurara. Lambar sirri kaɗai ba ta tayar da suna. Kun manta dokarmu? Sai wani tsohon ɗan zaure ya danna cewa ya shaida mai dawowa."

Hayaniyar ta ragu.

"Wanda ya tayar da Baƙin Kada, mutum ɗaya ya shaide shi. Minti biyu tsakanin tura lamba da shaida. Minti biyu, kamar suna zaune a ɗaki ɗaya. Ko kuma hannu ɗaya ne ya danna duka."

"Waye?" in ji Zinsou.

"Sunansa a zaure Mai Ƙaho."

"Waye Mai Ƙaho?"

"Ban san fuskarsa ba, kamar yadda ban san ta kowa ba. Na rubuta masa bayan abin da ya sami Sagbo. Ya ce shi taurari biyar ya gani ya danna, kowa ma zai danna. Na rasa abin da zan kama shi da shi, na yi shiru. Amma yau yaron nan ya nuna mutum, shi kuwa bai san komai a kan Mai Ƙaho ba."

Ya zaro wayarsa daga cikin leda, ya gyara tabarau.

"Kun san jiniyar da nake kaɗa muku in an sace babur. Ko waya tana shiru sai ta yi kuka. Ina iya kaɗa wa kowa, ina iya kaɗa wa mutum ɗaya. Yanzu zan kaɗa wa Mai Ƙaho shi kaɗai. In ba ya nan, ba za mu ji komai ba, ku yi abin da kuka ga dama, ni zan juya baya. Kowa ya ɗaga hannunsa sama. Kar wanda ya taɓa aljihu."

Hannuwa suka tashi, ɗaya bayan ɗaya.

"Wasan yara ne wannan," in ji Dansou. "Wutar tana mutuwa."

"Ɗaga hannu, Dansou," in ji Zinsou.

"Ina riƙe da..."

"Ɗayan."

Hannun hagun Dansou yana kan hanyar aljihun wando. Ya tsaya a nan. A hankali ya ɗaga shi.

Agossou ba ya gani sosai, fetur ya cinye masa ido. Kunne kawai ya kasa. Idan Dansou ya kashe wayarsa da safe fa? Idan caji ya ƙare? Idan ruwa ya taɓa ta kamar ashanar? Ya ji ɗigon fetur yana gangarowa ta bayan kunnensa. Ya ji zafin itacen daga taku uku.

Fofo Tossa ya danna.

Shiru.

Yayyafi. Wani jariri yana kuka a gidan da ke tsallake.

"Kun gani?" in ji Dansou. "Ba ko..."

Wiiiii! Wiiiii! Wiiiii!

Daga cinyar Dansou ta hagu kukan yake fitowa, har hasken wayar yana ratso yadin wandon.

Ba wanda ya motsa, shi ma bai motsa ba. Ya kalli aljihunsa kamar na wani ne.

"Dansou," in ji Tanti Fifamè daga ƙasa. "Kai ka ɗauki gawar Sagbo da mu. Kai ka fi kowa kuka."

Zinsou ya miƙe tsaye.

Sai Dansou ya wurga itacen.

Bai sami Agossou a jiki ba, a gabansa ya faɗi. Amma fetur yana kwance a kan ruwan. Wuta ta yi bup, ta bi saman ruwa da gudu, reshe ɗaya ya nufi babur, ɗaya ya hau hannun hagun Agossou ya kama tayar.

Taro ya watse da ihu. Dansou ya bangaje Fofo Tossa daga kan benci, ya taka tabarau ɗinsa, ya haye babur ɗin wani da aka bari da makulli a jiki.

Zinsou ya yi taku biyu zai bi shi. Ya ji ƙarar da ke fitowa daga fasasshen bakin nan, ƙarar da ba ta mutum ba. Ya tsaya. Ya kalli bayan Dansou, ya kalli wutar.

Ya cusa Sagbo a aljihu ya juyo.

Da hannu tsirara ya kama tayar ya fizge ta ta saman kan Agossou. Ya rungume shi suka faɗa babbar kwatar bakin titi, ruwa har ƙirji, ya danna shi ƙasa ya riƙe. Da suka ɗago, hayaƙi ne kawai ke tashi daga rigar.

A bayansu tankin sabon babur ya fashe. Ganyen mangwaro suka yi ta zubowa a ƙone.

Mutum shida suka bi Dansou. A mararrabar farko ruwa ya kashe wa biyu inji, sauran suka rasa ta lungun da ya bi.

*

A wani ƙaramin asibiti na bayan kasuwa suka kwantar da shi. Ma'aikaciyar jinya tana yanke masa riga da almakashi tana zagin duk wanda ta gani da rawaya.

"Ku kuka yi, ku kuka kawo. Ku fita mini, warin fetur kuke!"

Ba wanda ya fita. Sun cika baranda, kowa kansa a ƙasa. Mai tabon addar nan da ya naushe shi a ciki, shi ne yake riƙe da ledar ƙarin ruwa.

Zinsou yana zaune a bakin gado, tafukansa biyu naɗe da bandeji. Ya sa aka zaro masa Sagbo aka ajiye kusa da matashin Agossou.

"Ya ce in ba ka haƙuri," in ji shi, bai ɗago ba. "Ni ban san yadda ake ba da irin wannan ba."

Agossou ya lumshe ido ɗaya. Ɗayan ya riga ya kumbura ya rufe.

Fofo Tossa ya shigo, tabarau ba gilashi ɗaya, waya a hannu.

"Ɗana, na rubuta a zaure. Kowa ya san ba kai ba ne. Sunan naka ne, in kana so zan..."

Wayar ta yi ƙara. Ta Zinsou ma ta yi. A baranda wayoyi suka ɗauka gaba ɗaya.

Fofo Tossa ya kai wayar daf da idonsa mai gilashi.

"Karanta, Fofo," in ji Zinsou.

"Baƙin Kada ne ya rubuto."

"Karanta!"

"Ya ce: Agossou, kai kaɗai ka san inda nake ajiye kaya. Ni kuma ni kaɗai na san ƙofar Maman. Ka riƙe yatsanka. Na tafi gaishe ta."

Agossou ya yunƙura zai tashi, allurar ta fita daga hannunsa, mutum uku suka danne shi. Ya yi ta nuna aljihun wandonsa. Aka zaro wayarsa, fuskar ta tsage amma tana aiki. Ya danna lambar uwarsa, Fofo Tossa ya kara a kunne.

Ta yi ta kuka ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Haka.

Agossou ya san dalili. Ranar Asabar tana gona, wayar kuma a cikin tukunyar ƙasa take barinta don kar ta jiƙe. Sai azahar take dawowa gida, ita kaɗai.

Ya fizgi biron da ke aljihun ma'aikaciyar. A kan zanen gado ya rubuta, da manyan baƙaƙe karkatattu: sunan ƙauyen, bayan Allada, gida na uku daga rijiya.

Zinsou ya karanta. Ya sa haƙori ya warware bandejin hannun dama, ya ɗauki ɗan uwansa ya mayar aljihu.

"Tashi, Sagbo. Mun sami hanya."

Baranda ta zama wayam. A waje injuna suka tashi, sun fi talatin, ƙararsu ta yi ta raguwa har yayyafi ya rufe ta.

Agossou ya kwanta yana kallon agogon bango. Haƙori huɗu. Muƙamuƙi ya karye gida biyu. Haƙarƙari uku. Fatar hannun hagu daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Babur ɗaya da bai taɓa ɗaukar fasinja ba, guminsa na wata goma sha huɗu. Tukunyar Tanti Fifamè. Tafukan Zinsou. Amini ɗaya, na shekara ashirin da shida.

Wannan lissafin na ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ne.

Daga Kwatano zuwa ƙofar uwarsa tafiyar awa guda ce a babur. Dansou ya riga su da minti arba'in.